Wayar Birkin Gaba

Abu biyu kuke yi mini dariya a kansu, ku 'ya'yana, kun ɗauka ba na ji. Na farko, duk wanda ya ajiye moto a ƙofar gidan nan, baƙo ne ko ɗan gari, sai na je na matsa birkinsa na gaba kafin in amsa gaisuwarsa da kyau. Na biyu, in na dawo daga tafiya na iso gindin kukar bakin gari, sai na danna oda sau biyu, alhali ko akuya babu a hanya. Lawali ya taɓa gaya wa ƙannensa wai aljanun kuka nake gaidawa. Na ji ka, Lawali, ina bayan danga. Ban yi fushi ba, don wanda bai san dalili ba dole ya ƙirƙiro nasa. Yanzu da ka zo mini da maganar in sakar maka moton ka riƙa zuwa ɗori a madadina, na ga ranar wanka ta zo, ba a ɓoyon cibi. Amma ke Balki, ke na fi nufi da wannan babi. Kin tashi a gidana kina ce mini Baba, an gaya miki babbar mota ce ta kashe mahaifinki, ƙanena Sani, a Cadawa kina goye. Gaskiya ne, sai dai ba a faɗa miki duka ba.

Ɗori gadonmu ne. Kakana maɗori ne, mahaifina ma haka, a hannunsa na koyi jan ƙashi da jera kara da ɗaure tsumma. Ba mai yawan magana ba ne, amma akwai doka ɗaya da ya yi ta nanata mini har ta gundure ni, ya kuma maimaita ta a ciwon ajalinsa.

"Iro, in an kira ka, tahi. Mai karaya ba a jijjiga shi. Ƙashin da ya karye sau guda gindin icce, in an aza shi bisa jaki sai ya karye sau goma kahin ya iso. Kai za ka je mashi, ba shi zai zo maka ba."

Shi da jaki ya yi yawonsa. Ni kuwa zamani ya kawo ni lokacin moto, wanda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira babur, ga salula a aljihun kowa. A zamanin Baba karaya daga bishiya take zuwa, ko rijiya, ko harbin jaki, ko filin kokawa. A nawa zamanin moto ne ke karya yawancinsu, moto ne kuma ke kai ni in ɗora. Daga garinmu da ke kudu da Cadawa nakan kai ƙauyukan Agye da Gazawa, in ta kama har Sae Sabuwa, in dawo in ci tuwon gidana. Ba zan ɓoye muku ba, ina son hawan. Ina son iskar, ina son yadda mata ke leƙowa ta kan danga suna cewa ga mai ɗori nan ya iso.

Ƙasarmu rairayi ce, kun sani, kuma duk mai hawa moto a cikinta ya san birkin gaba abokin gaba ne. Ka matsa shi a cikin yashi, tayar gaba ta nutse, kai kuma ka wuce ta saman kan moton. Shi ya sa mutanenmu ke sassauta wayarsa, su dogara da na baya da ake takawa da ƙafa. Ni ban sassauta ba sai da ya koya mini hankali. Wata rana a hanyar Agye tunkiya ta gifta, hannuna ya damƙi birkin kafin in yi tunani, na tashi da karyayyen ƙashin kafaɗa. Wanzami ba ya son jarfa: uwarku Rabi ce ta ja mini hannun ina gaya mata yadda za ta yi, ina ihu har maƙwabta suka taru. Da na warke, zuciya ta ɗebe ni. Maimakon in sassauta kamar kowa, sai na kwance wayar ɗungurungum, na bar hannun birkin a wurinsa fayau kamar lafiyayye. Na rataye ta a ƙusar zaure, na shiga tsakar gida ina cika baki cewa na rabu da abin da ya kada ni. Shekara biyu ina hawa a haka ban ga komai ba, har na manta an taɓa yin wani birki a gaba.

Kafin in kai ga ranar, sai kun san yadda muke da kakarku Inna, don ƙanananku ba su riske ta da wayo ba. Ni ne ɗanta na fari, ta kuma riƙe alkunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana. In tana so na sai ta ce "wancan", ko ta ce wa Rabi "maigidanki". Ba ta cin abinci ina kallo, ba na shiga ɗakinta, in na gaishe ta a tsakar gida ta amsa tana duban wani wuri. Da na karye ma ba ta zo ta duba ni ba, kunu kawai ta riƙa aikowa. Sani kuwa auta ne, duk abin da ta ɓoye a kaina shi ta zuba wa. Da gemunsa da matarsa zai shiga ɗakinta ya kwanta a gadonta, ya buɗe kwanonta ya cinye, tana zaginsa tana dariya. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ma haka nake sonsa. Ya yi shekaru a Maradi yana aikin wani ɗan kasuwa, a can ya koyi moto, a kan kwalta, inda birkin gaba shi ne ran mahayi. Daga baya ya dawo gida ya kama sayen aya yana kaiwa kasuwar Cadawa.

Ranar kasuwa ce, ƙarshen kaka, da hantsi. Ina zaure da wata tsohuwa da ta zame a bakin rijiya wuyan hannunta ya goce. Na riƙe hannun ke nan ina lalubar inda zan ja, sai ga Sani ya leƙo, hularsa a karkace kamar kullum.

"Yaya, ara mani motonka. Nawa ya ƙi tashi, ga kasuwa na ci ba ni."

"Makulli na nan ga aljihun rigata, ɗauka."

Ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Lahiyarshi lau dai ko? Ba ya da wani hali?"

"Ras yake. Tahi."

Abin da na ce ke nan, Balki. Wayar tana rataye a saman kansa lokacin da yake tambayar. Tsohuwar ta yi ƙara, na mai da hankalina kan hannunta, na ji tashin moton da buhu biyu na aya a bayansa. Ban tuna ba. Da ma a ce na tuna na yi shiru, da na san sunan laifina. Mantawa na yi, kamar yadda mutum ke manta haƙorin da aka cire masa tuntuni.

Kafin azahar salula ta yi ƙara. A daidai inda hanyarmu ta yashi ke hawa kwalta abin ya faru. Da na isa an riga an rufe shi da zanen wata mai tuwo, aya ta watse a titi, jandarma suna aune-aune. Direban babbar motar yana zaune a ƙasa ya dafe kai yana rantsuwa ya yi oda. Wani mai faci da rumfarsa ke wurin ya ja ni gefe don ya ba ni haƙuri, bai san wuƙa yake caka mini ba.

"Wallahi a gabana aka yi, Malam. Ya hau kwalta ya hangi kamyon, babbar motar nan, da sauran wuri tsakaninsu. Sai na ga yana ta matsa hannunshi na dama, yana matsawa yana duban hannun. Koda ya taka na ƙahwa, ya riga ya shiga."

Kwana bakwai ina zaune a tabarmar gaisuwa, mutane na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ina gyaɗa kai. Na yarda da ƙaddara, a kanta zan mutu. Amma ƙaddara tana da sanadi, sanadin kuwa yana rataye a zauren da nake karɓar gaisuwar. Ban gaya wa kowa ba, ko Rabi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai daina dariya, ta rame, gadon da Sani ke kwanciya ta sa aka fitar da shi.

Moton bai yi lalacewar da ta kai ta mutum ba. Bayan sadakar arba'in, Ɗanjuma makanike ya miƙe ƙahon tuƙinsa ya sake tayar gaba ya turo mini shi har gida. Da zai tafi ya rage murya.

"Malam, wayar gaba babu. In sa sabuwa?"

"Bar shi haka."

Ya dube ni, na dube shi, ya tafi. Na san ya gane, Allah ya saka masa, bai taɓa buɗe baki ba. Abin da ya biyo baya shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa. Mako guda na yi ina hawan moton nan kamar mahaukaci. Ko ba a kira ni ba sai in fita, in hau kwalta a daidai wurin, in murɗe mai har ƙarshe, in tsaga tsakanin manyan motoci. Ban ce ina neman mutuwa ba, Allah ya tsare, amma ban guje ta ba. Ina shigowa gari kaji na watsewa, tsofaffi na salati. A rana ta takwas ina alwala, na ga Inna ta shiga zaure, abin da ba ta yi in ina kusa. Ta fito da makullin, ta zura shi a igiyar layar da ke wuyanta. Ta tsaya a tsakar gida ta yi wa Rabi magana da ƙarfi don in ji.

"Ki hwaɗa ma maigidanki, in ya sake hawa wancan ƙarhe ina da rai, ko goya shi aka yi, ban yahe ba."

Mutane suka yi ta yabona, wai ga ɗa mai biyayya, ya bar abin hawansa saboda uwa. Ku kada ku yabe ni. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da haukan ya sake ni, tsoro ne ya maye gurbinsa. Maganar Inna ta zame mini mafaka, na tura moton ɗakin kaya na rufe da buhu. Rabi ta fi kowa murna, ta ce tunda ta aure ni sai yanzu take jin ƙarar salulata gabanta bai faɗi ba. Na koma amalanken jaki. Ƙauyukan kusa ina kai musu, na nesa kuwa in na ce ina tafe gobe, sai su gaji su kwaso mai karayar su kawo. Na riƙa karɓar ƙasusuwan da hanya ta ƙara ɓatawa, ina ɗorawa yadda na iya, wasu su miƙe, wasu su warke a karkace. Duk wanda na taɓa sai in ji muryar Baba. Sai in ce wa kaina ai uwa ta fi uba haƙƙi sau uku, kuma mai rai ya fi mamaci iko. Hujja ce mai kyau, ta kuma yi mini aiki har tsakiyar bazara.

Wata safiya aka kira ni daga wani ƙauye tsakanin Agye da Gazawa. Wani manomi mai suna Tanko ya hau gawo yana sara wa tumakinsa ganye, reshe ya ɓalle da shi, cinya ta karye. Wansa ne a salular. Na tambaya ko fata ta fashe, ya ce a'a. Na ce kada a motsa shi, ina zuwa. A moto, da kafin hantsi ya yi zafi ina kansa. A amalanke tafiyar yini ce, mota kuma ba ta shiga can sai ranar kasuwa. Ga rana tana dukan ƙasa, na ce bari ta ɗan karya, kada jakin ya faɗi a hanya. Ina ɗaura masa kaya bayan la'asar sai ga moto ya tsaya a ƙofar gida da mutum uku. Sun gaji da jin ihunsa, suka sa shi a tsakiya, wan ya rungume shi ta baya, suka ratso yashi da ƙafar tana lilo. Da aka sauke shi a zaure na yaye wandon, na ga farin ƙashi ya huda nama ya fito, rairayi ya manne a bakin ciwon. Na ɗaure jinin, na ce wannan ya wuce hannuna, muka nemi mota a Cadawa zuwa likita a Maradi. A can suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Karaya ce da na ɗora irinta ba adadi, mai ita ya yi wata biyu a kwance ya tashi ya koma gonarsa.

Da ma a ce zagina suka zo yi, da ya fi mini sauƙi. Bayan an sallame shi, Tanko ya sa aka kawo shi har gidana, yana dogara sanda, wansa na riƙe da zabi biyu.

"Malam, godiya na zo. Lokotoro, likitan nan na Maradi, ya ce da ba ka ɗaure jinin nan ba, da ban kai ba."

Na rasa inda zan sa idona. Wan ya miƙo hannunsa na hagu yana juya shi, ba da wata manufa ba, hira kawai yake.

"Ka ga wanga hannu? Babanka ya ɗora mani shi ina saurayi. Cikin ruwan sama ya zo muna, bisa jaki, ya kwana garinmu. Allah shi jiƙan mazan jiya."

Na ce amin. Da suka tafi na ga inuwar Inna a bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Washegari da safe na sa hannu na sauko da wayar daga ƙusa. Ta yi tsatsa, ta bar zane a jikin bango. Na ratsa tsakar gida, Rabi na kallona, na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa a bakin dokin ƙofa. Tana zaune tana ɓarar gyaɗar iri, don damina ta kusa. Na ajiye wayar a gabanta. Ban je neman makulli ba, na je ne don na kasa ci gaba da ɗaukar abin ni kaɗai.

"Inna, wagga wayar birkin gaba ce. Ni na cire ta. Ran nan Sani ya tambaye ni ko moton na da wani hali, na ce mashi ras yake."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu, ina jin ƙarar ɓawon.

"Wa ke sharar zauren?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ni ke sharar shi tun ba a haihi Sanin ba. Ran da aka rataye ta, ina ji ana cika baki tsakar gida. Ran da matan Cadawa suka zo gaisuwa suka ce yana ta matsa hannu, na san mi ya matsa."

"Kin sani, Inna? Mi ya hana ki magana?"

"In ce mi? In bizne guda in tsine ma guda? Na amshe makulli don na ga ana gudu kamar ana son a cim mashi. Ba ni da ƙarhin wankan gawa biyu."

Nan na fashe da kuka, ni da furfura a gemu, kukan da ban yi a kan kabarinsa ba. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ture ƙwaryar gyaɗar, ta ciro igiyar daga wuyanta, ta daɗe tana kwance ƙullin.

"Iro."

Na haura shekara arba'in da biyar a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Har na waiga in ga ko wani ne ya shigo.

"Na ga ƙahwar bawan Allah nan. Da maganata a ciki, da tsoronka a ciki. Ka maida wannan abu jikin moton inda ka ciro shi, ka tahi inda ubanka ya ce ka tahi. Na janye bakina. Amma in ka dawo, ka yi mani alama daga gindin kuka, in san an iso."

Ta sa makullin a tafin hannuna da nata hannun. Daga ranar ta koma "wancan" da "maigidanki" har ta bar duniya, sau ɗaya tak na ji shi.

Ba a ranar na hau ba. Kwana uku ina zagaya ɗakin kayan, don janye bakin uwa ba ya janye tsoro. Rabi kuwa ta hau sama. Uwarku ba ta iya ɓoye fushi ba, kun san ta.

"Kun gama shawararku kai da Inna. Ni da ɗiya bakwai ba a tambaye mu ba. In an kawo ka cikin zanen mai tuwo, wa zai ɗora mu?"

Ta yi mako ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". Ɗanjuma ya ce tsohuwar wayar ta mutu, ya sa sabuwa, ni kuma na mai da tsohuwar ƙusarta, ita ce kuke gani har yanzu kuna tambaya ta mene ce. Na koma fagen sallar idi ina koyon moto kamar sabon shiga: yadda ake taɓa birkin gaba da yatsa biyu a cikin yashi, a lallaɓa shi, ba a damƙa ba. Na sha ƙasa sau da yawa. Na sayo hular kwano daga Maradi, 'yan kabu-kabun tasha suka sa mini suna mai tukunya, na ce na gode, ni na san abin da ke cikin kai in ya fashe, ku ba ku sani ba. Na daina gudu, na daina ɗaukar kaya, in na zo hawa kwalta sai na tsaya cik na sa ƙafa a ƙasa. Ban kuma sake ara wa kowa moto ba, ko limamin gari ne.

Abin da Inna ba ta gaya mini ba, sai bayan shekara na ji a bakin Rabi. Duk ranar da na fita, Inna ba ta sa komai a bakinta sai ta ji odar nan. In na fita da hantsi na dawo da la'asar, kwanonta na nan a rufe da faifai. Rabi ta yi lallashi, ta yi faɗa, Inna ta ce ba ta jin yunwa, amma da zarar oda ta yi sau biyu sai ta jawo kwano. Tsohuwa mai shekaru irin nata, kuma akwai makon da nake fita kwana biyar. Na so in yi mata magana, alkunya ta hana, don in na nuna na sani na tona mata asiri. Sai na riƙa gaggauta aiki, in ƙi zaman shan fura a gidajen mutane, amma ba na ƙara gudu a hanya. Haka muka yi shekara biyar, ni a kan moto, ita a kan yunwa, babu wanda ya ce wa wani komai.

Ranar ƙarshe, Inna ta kwana biyu da zazzaɓi, ba mai tsanani ba a ganinmu. Aka kira ni daga wata ruga a bayan Sae Sabuwa, saniya ta take wata mata a ƙwauri. Na tsaya a tsakar gida da makulli a hannu ina jan ƙafa. Sai na ji muryar Inna daga ɗaki.

"Rabi, ce ma wancan ya tahi. Mi yake jira?"

Na tafi. Ɗorin ya yi kyau, matar tana tafiya da ƙafarta har yau. A rugar salula ba ta kamawa. Na iso gindin kuka bayan la'asar, na danna oda sau biyu, na karyo kwana, sai na ga tabarmi a ƙofar gidana da mutane a zaune suna jirana a kai Inna makwancinta. Tun azahar ta cika. Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga ɗakinta, karo na farko tun ina yaro. Kwanon kununta na gefen tabarma a rufe da faifai. Rabi ta tsaya a bayana.

"Na yi, na yi ta sha ko cokali guda. Ta ce a bari sai ta ji."

Ban sani ba ko na zaɓi daidai. Akwai mutane da yawa daga nan har Gazawa da ke tafiya a kan ƙafafun da na isa gare su da wuri, akwai kuma kwanon nan. Na auna su shekara da shekaru, ba su taɓa daidaita mini ba. Abin da na sani, ko na hau ko ban hau ba, akwai wanda ya ji a jikinsa, kuma ba ni ba ne na fi ji.

Balki, na riƙe ki kamar 'yar cikina, amma riƙo ba ya wanke abin da na faɗa miki yau. Ina roƙonki gafara. Ba dole ba ne ki amsa mini yanzu, ba dole ba ne ma ki amsa. Na ga bai kamata in mutu kina tsine wa direban da ya yi oda ba.

Kai kuma Lawali, hannunka ya faɗa a ɗori, idona ya fara gajiya da hasken hanya, kuma mai karaya ba a jijjiga shi. Ba zan hana ka ba, na ga abin da hani ya yi wa Tanko. Ba zan kuma ce maka babu komai ba, don na taɓa faɗar haka sau ɗaya. Kafin ka karɓa ka je ka shawarci matarka, kada ka yi mata abin da na yi wa uwarka. In ta yarda, makullin yana aljihun rigata, hular tana kan randa. Ka matsa birkin gaba kafin ka tayar, kullum, ko jiya ka duba. In ka dawo ka iso gindin kuka, ka danna oda sau biyu. Ba aljanu za ka gaida ba. Ina nan zaure, kwanona a rufe.